Likita a Waya, Magani a Kemis

Ƙarfe 11 na dare ta gota lokacin da ƙanwata ta kira ni. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. "Yaya, jikin yaron nan ya yi zafi rau, tun la'asar ko ruwan koko ya ƙi karɓa. Don Allah haɗa ni da Dakta." Daktan da take nufi ɗan baffanmu ne, yana aiki a wani asibitin gwamnati a wata jiha, tafiyar awa 5 a mota daga gidanta. A danginmu shi ne asibitin farko, kuma kusan kowane dangi a Arewa yana da irinsa: likita ko nas ko mai harhaɗa magunguna guda ɗaya da lambarsa take cikin wayar kowa.

Na haɗa kiran, na yi shiru ina saurare. Ita abin da take jira shi ne sunan magani. Shi kuma tambayoyi ya fara jerowa. Shekararsa nawa? Biyu da rabi. Nauyinsa fa? Ba ta sani ba, sai ya ce ta ɗauko katin asibitinsa ta duba awon ƙarshe, kilo 13. Yana shan ruwa? Yana amayar da duk abin da ya sha? Ya yi jijjiga? Idan an kira sunansa yana buɗe ido ya kalle ki? Sannan ya ce, "Ɗaga masa riga ki zuba wa ƙirjinsa ido. Ni zan riƙe lokaci, ke ki ƙirga numfashi, sai na ce ki tsaya." Minti ɗaya muka yi babu mai magana sai kukan janareto daga makwabta. Ta ce 34. Ya ce to, alhamdu lillahi.

Da ya tambayi abin da ta riga ta ba shi, ta ce farasitamol da "na mura". Ya ce ta ɗauki hoton kwalaben biyu ta tura. Ashe na murar ma akwai farasitamol a cikinsa, wato tun rana yaron yana shan magani ɗaya ta hanya biyu. Ya ce a ajiye na murar. Maganin maleriya kuwa ya ce ba zai rubuta ba sai an yi gwaji. Maigidanta ya fita kemis ɗin bakin layi da yaron a kafaɗa, aka ɗan soki yatsa, aka jira minti 20, layi biyu suka fito. A nan ne Dakta ya rubuta magani, kuma a rubuce ya turo shi, ba saƙon murya ba: sunan maganin, ƙwaya 1 yanzu, wata bayan awa 8, sannan safe da dare har kwana 3 su cika, a ba shi da madara ko abinci. A ƙasa ya ƙara layi uku na abubuwan da idan an ga ɗaya daga cikinsu kada a sake kiransa, a wuce asibiti ko da ƙarfe nawa ne. Da asuba shi ya fara kira.

Abin da ya faru a daren nan shi ne masana suke kira rubuta magani daga nesa, kuma na kawo shi ne domin ya yi kyau. Na ga wanda bai yi kyau ba, fiye da sau ɗaya. Wayar iri ɗaya ce, nisan ma haka. Inda suka rabu shi ne yawan abin da mai rubuta maganin ya sani kafin ya rubuta, da kuma ko yana da ƙarfin halin cewa "wannan kam sai na gani."

Babu amfanin a ce mutane su daina neman likita ta waya. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitocin da suke da lasisin aiki a Nijeriya kusan 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara 5. Waɗanda suka rage ma yawancinsu suna manyan birane. Matar da take ƙauyen da motar kasuwa kaɗai ke shiga sau ɗaya a mako, idan aka hana ta muryar likita a waya, ba wajen wani likitan za ta tafi ba. Wajen mai tallan magani a faranti za ta tafi, ya zuba mata ja da yalo da fari a leda. Saboda haka maganar da ta dace a yi ita ce yadda za a yi abin daidai.

"Ya jiki?" "Da sauƙi"

Matsalar farko a bakinmu take. Bahaushe ko yana kan gargara, idan aka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. Tarbiyya ce mai kyau, tawakkali ne, amma likitan da ke gaban mara lafiya yana jin "da sauƙi" da kunne, idonsa kuma yana ganin leɓen da ya bushe, da tafin hannun da ya yi fari fat, da yadda mutum ya dafe ciki kafin ya zauna. Likitan waya kunnen kawai gare shi. Gani ya kori ji, in ji magabata, shi kuwa jin ne kaɗai jarinsa.

Sai kuma sunayen da muke ba cututtuka, waɗanda kowannensu buhu ne mai ɗaukar kaya iri-iri. "Sanyi" yana iya zama ƙaiƙayin gaba, ko ciwon mara, ko cutar da ake ɗauka ta saduwa, ko ciwon gaɓoɓi. "Basir" yana iya zama basir ɗin gaske, yana iya zama jinin da ke fitowa daga wani ƙari a hanji. Duk zafin da ya tsaya a ƙahon zuci "olsa" ne, alhali a jikin dattijo mai hawan jini da suga ciwon zuciya ma a nan yake fara sallama. Duk zazzaɓin da ya wuce kwana 3 "taifod" ne, sau da yawa a kan gwajin Widal, wanda likitoci sun daɗe da sanin yana yawan nuna cutar ga wanda ba ya da ita. Mai kiran waya yakan zo da sunan cutarsa a shirye, magani kawai yake nema. Likitan da ya karɓi sunan yadda aka ba shi, bai kwance buhun ya ga abin da ke ciki ba, mai kiran ne ya yi aikin likita, shi hannu kawai ya sa.

Akwai kuma wanda yake riƙe da wayar. A gidaje da yawa maigida ne yake kira a madadin matarsa: "Dakta, iyali ne ba su jin daɗi." Shi zai faɗi ciwon, shi zai amsa tambayoyi, ita tana gefe. Ƙaramin ciki kuwa ba a shelarsa, wani lokacin uwar miji tana zaune a ɗakin, wani lokacin ita kanta matar ba ta tabbatar ba. Ga shi magunguna da dama da ake rubutawa kullum suna cutar da ɗan tayi: lisinopril na hawan jini, valproate na farfaɗiya, warfarin mai tsinka jini, da su tetracycline da doxycycline. Ciwon mara a gefe ɗaya ga macen da watanta ya wuce yana iya zama ciki a wajen mahaifa, wanda idan ya fashe jini ne zai ƙare ta cikin awanni, ita kuwa an rubuta mata maganin "sanyi". Shi ya sa gogaggen likita yakan ce, cikin ladabi, "Alhaji, don Allah ba ta wayar, ka ɗan ba mu wuri." Wasu mazan ba sa jin daɗin wannan. A ganina duk mijin da aka faɗa wa haka ya gode wa Allah, ya samu likita.

Darasin da Ingila ta koya da tsada

Ƙasashen da suka riga mu tsara wannan aiki ba a kan takarda suka fara koyonsa ba. A Ingila, hukumar da ke duba ingancin wuraren kula da lafiya, CQC, ta bi kamfanonin da ke duba marasa lafiya ta intanet ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da rahoto a watan Maris na 2018. A zagayen farko kashi 86 cikin 100 ba su cika sharuɗɗan kare lafiyar mara lafiya ba. Bayan gyare-gyare, zuwa ƙarshen Fabrairun 2018, har yanzu kashi 43 ba su cika ba. Laifuffukan da aka samu za su yi wa mai karatu kama da na gida: rubuta antibayotik ba tare da dalili mai ƙarfi ba, ba da magungunan kashe zafi masu sa maye da yawa ba tare da an tuntuɓi likitan da ya san mutumin ba, da ci gaba da ba masu asma abin shaƙa ba tare da an duba ko ciwon yana ƙaruwa ba.

A watan Nuwamba na 2019 hukumomin da ke kula da likitoci da nas-nas da masu harhaɗa magunguna na ƙasar suka haɗu suka fitar da ƙa'idoji 10 na duba mara lafiya da rubuta magani daga nesa. Majalisar likitocinsu, GMC, ta sabunta jagorarta a Afrilun 2021. Ruhin abin shi ne: mizanin bai sauka ba don an koma waya. Likita ya tabbatar da wanda yake magana da shi, ya faɗi sunansa da matsayinsa, ya samu isasshen bayani kan tarihin ciwon da magungunan da ake sha, ya rubuta abin da ya yi a ajiye, ya sanar da likitan da ya saba duba mutumin, kuma idan abin yana buƙatar a taɓa jiki to a taɓa. A Fabrairun 2025 hukumar masu harhaɗa magunguna ta ƙara ɗaure igiya a kan alluran rage ƙiba, bayan an ga mutane suna ƙarya a fom ɗin intanet don su samu: cike fom kaɗai bai isa ba, sai an tabbatar da nauyi da tsawon mutum ta wata hanya.

Duk da wannan tsari an yi asara. A ƙarshen 2020, lokacin korona, wani ɗalibi ɗan shekara 26 a arewacin Ingila ya kira asibitin unguwarsu sau 4 cikin ƙasa da mako 3. Ciwon kunne ne ya ci ƙashin bayan kunnen, ya tara mugunya a ƙwaƙwalwa. Ba a duba shi ido da ido ba ko sau ɗaya. Ya rasu, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke a 2023 cewa da an duba shi ido da ido a kiran ƙarshe, akwai kyakkyawan zaton da ya rayu. A 2023 ɗin ne kuma masu bincike ƙarƙashin Farfesa Trisha Greenhalgh ta Jami'ar Oxford suka wallafa nazarin matsaloli 95 da suka faru a duba marasa lafiya daga nesa. Sun ce irin haka ba ya yawan faruwa, amma inda ya faru akwai alamomin da suke maimaita kansu: ƙananan yara, tsofaffi masu cututtuka da yawa, ciwon ƙirji ko na ciki da ya taso farat ɗaya, da mutumin da ya sake kira a kan ciwon da bai lafa ba. Wannan na ƙarshen ya kamata kowane likitan dangi ya rubuta shi a bangon ɗakinsa. Kira na biyu a kan ciwo ɗaya, ba canjin magani yake nema ba, ido yake nema.

Ƙwayoyin da ba a rubutawa a makance

A Amurka labarin ya fi ɗaci ta ɓangaren ƙwayoyi masu sa maye. A Fabrairun 2001 wani yaro ɗan shekara 18 a jihar Kalifoniya, Ryan Haight, ya mutu bayan ya sha Vicodin da ya saya ta intanet, da takardar likitan da bai taɓa ganinsa ba. A 2008 aka yi doka da sunansa, wadda ta wajabta a ga mutum ido da ido aƙalla sau ɗaya kafin a rubuta masa irin waɗannan magunguna ta intanet. Da korona ta zo a Maris na 2020 aka sassauta dokar, kuma sassaucin ya taimaki mutane da yawa, musamman masu neman maganin barin shaye-shaye a yankunan karkara. Amma wasu sun mai da shi kasuwa. A Yunin 2024 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta tuhumi shugabannin wani kamfani mai suna Done da shirya rubuta ƙwayoyin Adderall da danginsa sama da miliyan 40, da samun kuɗin shiga fiye da dala miliyan 100. Inda duk kuɗin likita ya rataya a kan yawan takardun da ya rubuta, kalmar "a'a" takan yi masa tsada.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasa da matan aure kafin gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a farkon Mayun 2018, bayan binciken sashen Africa Eye na BBC. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka yi, na 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 da suka sha irin su taramadol ba don magani ba. Asibitocinmu kuma sun san masu sikila da allurar pentazocine ta kama, waɗanda ciwo na gaske ne ya fara kai su gare ta. Mai sikila da ƙashi yake sara da tsakar dare ya cancanci maganin da zai kwantar masa da zafi, babu tantama, amma a wurin da za a auna shi, a ƙara masa ruwa, a lissafa abin da aka ba shi. Muryar da take roƙon "allurar nan da aka saba yi mini" a waya, likita ba shi da hanyar sanin ko shi ne na farko da aka kira a daren ko na huɗu.

Antibayotik ba ya sa maye, shi ya sa ake sakaci da shi, amma ɓarnarsa ta fi faɗi. Nazarin da mujallar Lancet ta wallafa a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Likitan da ba ya ganin maƙogwaro, ba ya jin ƙirji, yakan rubuta antibayotik don ya rufe ƙofar zargi. Mura da yawancin tari da gudawar yara kuwa ba sa buƙatarsa. Gudawa ruwan gishiri da suga da zinc take so. Sannan ga wata al'ada da WhatsApp ya haifar: takardar da aka rubuta wa Hajiya a bara tana nan a waya, idan makwabciya ta yi irin ciwon sai a tura mata, ita ma ta tura wa 'yarta a wani gari. Takarda ɗaya ta yi yawo gida 10, babu suna, babu kwanan wata. Wannan yana cikin dalilan da suka sa takardar magani ta gari, ko a waya aka turo ta, take ɗauke da sunan mara lafiya da shekarunsa, nauyinsa idan yaro ne, kwanan wata, ainihin sunan maganin ba sunan kamfani kaɗai ba, ƙarfinsa, sau nawa, kwana nawa, da sunan likita da lambar rajistarsa. Saƙon murya ba takarda ba ce. Sunayen magunguna da yawa suna kama da juna a kunne, kuma "15" da "50" a Turancin da sabis yake yankewa abu ɗaya ne.

Hannu a ɗaya gefen

Ƙasar da tsarinta ya fi ba ni sha'awa ita ce Indiya, domin matsalolinta sun fi kama da namu. A ranar 25 ga Maris 2020 ta fitar da jagorar duba marasa lafiya daga nesa, ta kasa magunguna gida-gida. Akwai waɗanda za a iya rubutawa ta kowace hanya, irin su farasitamol da ruwan gishiri da suga. Akwai waɗanda a ganawar farko sai ta bidiyo, ko kuma sabunta wa mutum maganin da ya saba sha. Akwai waɗanda sai ga wanda aka taɓa gani ido da ido a kan wannan ciwon. Akwai kuma waɗanda an haramta gaba ɗaya, wato masu sa maye. Jagorar ta wajabta lambar rajistar likita a kan kowace takarda, ta kuma ce manhajar kwamfuta ba ta da ikon rubuta magani, sai mutum. Gwamnati kuma ta gina eSanjeevani, inda mara lafiya yake zuwa ƙaramin asibitin ƙauyensu, ma'aikacin lafiya ya auna zafi da jini da nauyi, ya taɓa ciki, sannan su kira likitan birni tare ta bidiyo. A farkon 2023 ganawar da aka yi ta wannan hanya ta wuce miliyan 100.

Ruwanda ta gwada wata hanyar tun 2016 da kamfanin Babyl, wanda ya yi aiki ko da ƙaramar waya: mutum ya danna lambobi ya nemi lokaci, nas ko likita ya kira shi, sannan a turo masa lambar sirri ta tes da zai kai kantin magani ko ɗakin gwaji. Lambar sau ɗaya take aiki, ga mutum ɗaya. Fiye da mutum miliyan 2 suka yi rajista. A 2023 uwar kamfanin da ke Ingila ta durƙushe, aka rufe Babyl, jama'a suka wayi gari babu. Tsarin ya yi kyau, amma an gina shi a filin aro.

Abin da ya haɗa Indiya da Ruwanda da daren ƙanwata shi ne akwai hannu a ɗaya gefen wayar. Wani ya soki yatsa, wani ya ɗora a sikeli, wani ya karanta takarda kafin ya miƙa magani. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, kuma ɗan gwajin nan na minti 15 zuwa 20 ya sa wannan ya yiwu har a ƙauye. Muna da waɗannan hannaye: ma'aikatan lafiya na matakin farko, ungozomomin asibiti, da dubban masu kemis. Mai kemis, a doka, magungunan da ba sa buƙatar takardar likita kaɗai aka yarje masa ya sayar, kuma kowa ya san abin da ke kan kantarsa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Amma shi ne yake buɗe da ƙarfe 11 na dare, shi ya san gidan kowa, shi yake ba da bashi. Ina ganin ribar da za a samu idan aka horar da shi, aka ba shi sikeli da ma'aunin zafi da na hawan jini da lambar likitan da zai kira, ta fi ta kamen da ake yi lokaci-lokaci a rufe shago, bayan mako 2 a buɗe.

Ta fuskar doka ba a bar mu fayau ba. Kundin ɗa'ar aikin likita na Majalisar Likitoci ta Nijeriya, na 2008, ya taɓo duba mara lafiya daga nesa. Hukumar masu harhaɗa magunguna ta fitar da ƙa'idojin sayar da magani ta intanet a 2021. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, abin da ya kamata ya sa mu yi tunani kafin mu jefa hoton sakamakon gwajin wata baiwar Allah a zauren WhatsApp na dangi. NAFDAC kuma tun 2010 ta kawo lambar nan da ake kankarewa a jikin kwalin maganin maleriya da wasu antibayotik a tura ta tes don a gane na jabu. Sai dai waɗannan duka gutsure-gutsure ne, kuma mafi yawan maganin da ake rubutawa ta waya a Kano ko Katsina ko Maraɗi ba ta kamfani yake bi ba, tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa ne, babu fayil, babu kati, babu wanda zai tuna gobe me aka ce. Likitocin da kansu suna cikin tsaka mai wuya. Ƙin rubuta wa gwaggo magani ana ɗaukarsa girman kai ne, ko an yi boko an manta zumunci. Kamata ya yi mu sauƙaƙa musu. Wanda ya ce maka "kai shi asibiti" bai yi maka rowa ba.

Inda waya ta fi yin amfani, a iya abin da na gani, shi ne ciwon da aka riga aka sani, aka taɓa dubawa, ake bi a hankali: hawan jini, suga, asma, farfaɗiya. Mahaifiyarmu tana da hawan jini shekara da shekaru, kuma zuwa asibiti a gare ta yana nufin fita bayan asuba, kuɗin mota, layin kati, layin likita, layin magani, a dawo bayan azahar a gajiye, don kawai a ce ta ci gaba da abin da take sha. Yanzu ana ganinta ido da ido lokaci-lokaci, tsakani kuma ta waya. Mun saya mata na'urar awo, jikarta tana rubutawa a littafin makaranta mai fallaye 40, safe da yamma.

Watannin baya lambobin suka fara hawa, 160, 170. Ni da kaina na kira Dakta na ce ya ƙara mata magani. Ya ce a juya kiran zuwa bidiyo. Bayan sun gaisa ya ce, "Inna, ina so a kawo mini duk wani magani da ke ɗakinki, har wanda ba ni na rubuta ba, har na gargajiya. A zube su a faranti." Ta yi dariya ta ce ai ba wani abu, na ƙafa ne kawai. Aka kawo farantin silba, aka zazzage jakar. Ga na hawan jininta guda biyu. Ga wani ƙullin jiƙo. Ga kuma sacet-sacet na diclofenac da wani mai kemis yake ba ta saboda gwiwa, tana sha safe da dare kusan wata 2, ba ta taɓa lissafa shi a cikin magani ba. Irin wannan maganin yana tayar da hawan jini, yana rage ƙarfin magungunansa, yana cin ciki, yana taɓa ƙoda, balle a jikin tsohuwa.

Bai ƙara mata komai ba. Ya ce a ajiye diclofenac daga ranar, a koma farasitamol da man shafawa, a kai ta gwajin ƙoda cikin makon, likitan da ke kusa ya duba gwiwar da hannunsa, a ci gaba da awo a turo masa hoton shafin duk Juma'a. Ta ce, "To gwiwar fa, ɗan nan? Da ita nake sallah." Ya ce, "Na sani, Inna. Ki yi a zaune kwana biyu, za mu nemo mata abin da ba zai taɓa miki ƙoda ba."

Gwajin ya fito lafiya. A Juma'a ta uku jikar ta turo hoton shafin, rubutun biro shuɗi, layi 14: na sama 152, na ƙasan shafin 138.